Yadda ake gyara ratar da ke buɗewa tsakanin jois da bim a benen katako

A ƙarshen wani hunturu wani mai shagon atamfa ya aiko a kira ni. Ina isa ya ce, "Malam, hau ka ji benen nan. Tun da sanyi ya shigo yake kuka, ko yaro ne ya taka sai ya amsa." Irin benen nan ne na katako da ake yi a cikin shago don a sami wurin ajiye diloli a sama. Ban hau ba, tocila na karɓa na shiga ƙarƙashinsa. Daga cikin jois goma sha ɗaya, uku ba sa taɓa bim ko kaɗan, har hasken tocila yana ratsawa ta tsakaninsu. A ƙarƙashin ɗaya an cusa kwali a ninke, a ƙarƙashin wani kuma guntun silifas. Kwalin ya riga ya zama kamar takarda, silifas ɗin ya baje, ratar tana nan inda take.

Ga wanda bai saba da kalmomin ba, bim shi ne babban katakon da ke kwance a kan ginshiƙai ko a cikin bango. Jois su ne katakan da ake jerawa a kansa a gicciye, tsakanin kowane biyu kamar inci 16, wato santimita 40, kamar yadda ake jera azara a rufin soro. A kan jois ake buga falanki ko filawud ɗin da ake takawa. Nauyi yana sauka ne daki-daki: daga falanki zuwa jois, daga jois zuwa bim, daga bim zuwa ginshiƙi, daga nan zuwa ƙasa. Duk inda rata ta shiga, hanyar ta yanke. Jois ɗin da bai zauna a kan bim ba yana rataye ne a jikin ƙusoshin falanki, kuma maƙwabtansa biyu ne ke ɗaukar kason nauyinsa. Kukan da ake ji ƙusa ce ke gogar katako tana hawa tana sauka a raminta.

Me ya buɗe ratar?

Kada ka cusa komai sai ka amsa wannan tambaya, domin rata iri ɗaya ce a ido amma sanadinta ya bambanta, kuma maganin wata yakan zama cutar wata.

Sanadi mafi yawa a wajenmu shi ne motsewar katako. Yawancin katakon gini, afara da obece da iroko, daga dazukan kudu ake kawo shi, sau da yawa ɗanye, a yanka yau a ɗora a mota gobe. Katako ba ya fara motsewa sai ruwan jikinsa ya sauko ƙasa da kusan kashi 28 zuwa 30 cikin ɗari. Daga nan zai yi ta bushewa har ya daidaita da iskar wurin da yake. Idan damshin iska ya kai kashi 80 cikin ɗari, kamar a tsakiyar damina, katako yana tsayawa ne a kan ruwa kusan kashi 16. Idan hunturu ya buso damshin ya faɗi zuwa kashi 20, ruwan katako yana sauka ƙasa da kashi 5. Katako kuwa a faɗi da kauri yake motsewa, a tsawo ba ya raguwa sai ɗan abin da ba a kula da shi. Saboda haka jois mai zurfin inci 8 da aka kafa ɗanye zai iya rasa milimita 5, wani har kusan santimita 1, kafin shekara ta zagayo. Kuma ba sa motsewa daidai wa daida. Ya danganta da irin icen da kuma ɓangaren gungumen da aka yanko shi, wani katakon sai ya ninka ɗan'uwansa motsewa. Da yake falanki ya riƙe kawunansu duka a layi ɗaya daga sama, wanda ya fi motsewa sai ya ɗage ƙafa daga ƙasa.

Na biyu shi ne yanka. Katakon da aka tsaga da injin hannu a daji ba ya zuwa daidai. Ka sayi tu-bai-sikis goma, wato katako mai inci 2 da 6, ka auna, da wuya ka sami biyar masu zurfi ɗaya. Wannan ratar tun ranar farko take nan, ba a dai kula ba ne.

Sauran sanadan sun fi nauyi: bim ya lotsa a tsakiya saboda ya yi ƙanƙanta ko an yi masa lodi fiye da kima, ginshiƙi ya nutse, jois ya murɗe ya tsaya a kan gefe ɗaya, ko gara da ruɓa sun cinye wurin da katakan biyu suka haɗu. Waɗannan ciko ba ya maganinsu.

Mataki na farko: sauke kaya, sannan ka karanta ratar

A kwashe duk abin da ke kan benen, aƙalla na yankin da za a yi aiki. Mai shago zai ce a bar rabi, ka lallaɓa shi a sauke. Kaya suna danne jois su ɓoye ainihin girman ratar, kuma ba a shiga ƙarƙashin bene mai lodi da jak.

Abin da za ka buƙata a nan kaɗan ne: tocila, tef, alli, zare mai ƙarfi, ƙusa biyu, sukudireba mai tsini, da ma'aunin lebur, ko mai ɗigon ruwa ko siririn tiyon nan da magina ke cika wa ruwa.

Fara da bim. Buga ƙusa a kowane ƙarshensa, a tazara ɗaya daga gefensa na ƙasa, ka ja zare ya miƙe tsam. Bi zaren kana auna tsakaninsa da gefen bim. Idan tazarar ba ta canja ba, bim lafiyarsa ƙalau. Idan ya sauko wa zaren a tsakiya, ya lotsa. A ƙa'idar ginin gidaje ta Amurka, inda mafi yawan gidaje na katako ne, ba a yarda daɓe ya lotsa a ƙarƙashin nauyin mutane da kaya fiye da kashi ɗaya cikin 360 na tsawonsa ba. Wato bim mai mita 3.6 tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi, santimita 1 ne iyakarsa. Idan ka ga ya kai haka alhali babu komai a kansa, matsalar ta bim ce.

Daga nan ka bi jois ɗaya bayan ɗaya, ka auna ratar kowanne ta gefen dama da ta hagu, ka rubuta da alli a jikin bim. Idan ka gama, ja da baya ka dubi lambobin, su za su faɗa maka labarin. Idan rata ta warwatsu, wannan yana da ita, na kusa da shi ba shi da ita, to motsewa ce ko yanka. Idan ƙarama ce a gefe tana girma zuwa tsakiya, bim ne ya lotsa. Idan tana girma zuwa wajen wani ginshiƙi, ginshiƙin ne ya nutse ko ƙafarsa ta ruɓe. Idan gefe ɗaya na jois ya taɓa, ɗaya gefen ya ɗage, murɗewa ce.

Sai ka ɗauki sukudireba ka caccaki ƙarshen kowane jois, da saman bim, da ƙafar ginshiƙi, musamman inda katako ya shiga bango. Lafiyayyen katako zai ƙi, sai ɗan tabo. Idan tsinin ya shige kamar cikin burodi, ko ka ƙwanƙwasa ka ji fayau kamar ganga, ko ka ga hanyar ƙasa ta gara ta hau jikin ginshiƙi, ka yi wa wurin alama. Gara tana cin ciki ta bar fata, shi ya sa kallo kaɗai ba ya isa.

Abu na ƙarshe a wannan mataki: auna tsawon abin da jois ya hau a kan bim. Ƙa'idar da na ambata ta ce kada ya gaza inci 1½ a kan katako ko ƙarfe, inci 3 a kan bulo ko kankare. Idan jois da kyar ya laƙaba bakinsa a gefen bim, ko an cike ratar bai zauna ba.

Idan motsewa ce: yadda ake yin ciko

Wannan shi ne aikin da za ka fi yi, kuma a nan ne aka fi yin kuskure, don haka zan daɗe a kansa.

Ciko aikinsa ɗaukar nauyi, saboda haka dole ya kai jois da bim tauri ko ya fi su. Kwali, roba, silifas, tsumma, siminti da aka cusa, guntun silin, duk ba ciko ba ne. Obece ma bai dace ba, yana da laushi, zai baje. Ka nemi busasshen madaci ko iroko, wanda ya daɗe a ajiye. Guntun tsohuwar ƙofa ko tsohon tebur ya fi sabon katako daga kasuwa, domin ya gama motsewarsa tuntuni. Mafi kyau duka shi ne farantin ƙarfe: ka je wajen mai walda ya yanko maka guntaye masu kaurin milimita 1, 2, 3 da 5, ka haɗa su gwargwadon ratar. Ƙarfe ba ya motsewa, gara ba ta cin sa. A shafa masa fenti saboda tsatsa.

Girman cikon ya zama ya rufe duk wurin da jois ya hau bim, faɗinsa ya kai kaurin jois, tsawonsa ya kai faɗin bim. Ɗan tsinken da aka soka a baki yana tara nauyin duka a wuri guda, sai ya nutse cikin katakon, bayan wata uku ratar ta dawo.

Idan na katako za ka yi, ka fere shi kamar harshe, kauri a gindi, siriri a baki, kuma ka yanka shi a bin jijiyar katakon, kada ka gicciye ta, in ba haka ba zai karye da bugun farko. Kuma biyu ake sawa. Harshe ɗaya a baki kawai yake matsewa, can ciki fanko ne, kuma yana karkatar da jois. Idan ka sa ɗaya daga wannan gefen bim, ɗaya daga wancan gefen, suka hau kan juna kai da ƙafa, samansu da ƙasansu za su zama a miƙe, jois ya zauna a kan shimfiɗa sosai. Gangaren harshen ya zama a hankali, kamar milimita 1 a kowane santimita 1 ko ƙasa da haka. Mai gangare da yawa yakan zame ya fito da kansa.

Ga yadda aikin yake bi. Share ƙura da tsohon abin da aka cusa. Idan akwai tsohuwar ƙusa da ta ratsa ratar ta tare hanya, yanke ta da zarton ƙarfe. Gwada harsunan a bushe tukuna ka ga sun dace. Fitar da su, shafa musu gam na katako a fuskar da za su haɗu da juna, ka mayar. Tura da hannu har su tsaya, sannan ka ɗauki guduma ka riƙa bugu kaɗan-kaɗan, nan sau biyu, can sau biyu.

Ka sa yaronka ya hau sama ya tsaya daidai kan jois ɗin, da miƙaƙƙen katako ko ma'aunin lebur a kwance a gicciye kan jois uku. Ni nakan ce wa nawa, "Kai, da ka ji ya daina motsi a ƙafarka ka yi magana." Da zarar kukan ya ɗauke kuma sautin guduma ya canja daga fayau zuwa tim, ka tsaya. Wannan shi ne wurin da hannu ke son ƙara bugu ɗaya, kuma bugun nan ne ke ɓata aiki. Harshen katako yana da ƙarfin ɗaga jois cikin sauƙi. Idan ka wuce, sai ka yi wa benen ƙusumbi, ka ɗage falanki daga kan maƙwabtan jois ɗin, ka rufe rata ɗaya ka buɗe biyu. Aikin ciko shi ne ya cike gurbi kawai. Idan ana son ɗagawa, wannan aikin jak ne.

Yanke abin da ya leƙo da zarto, sannan ka ɗaure jois da bim da ƙusa a karkace: uku masu inci 2½ ko 3, biyu a gefe ɗaya, ɗaya a ɗaya gefen. A fara ƙusar daga sama da bim kamar sulusin tsawonta, a karkata ta kamar digiri 30. Idan katakon madaci ne ko iroko busasshe, ka fara huda rami siriri da injin huji, domin busasshen katako mai tauri yana tsagewa a baki. Ƙusar ba nauyi take ɗauka ba, tana hana jois da cikon zamewa ne. Idan cikon ƙarfe ne, ƙusa ta bi ta gefensa, ko a sa ɗan ƙarfen angul, mai lanƙwasa kamar harafin L, a ɗaure jois da bim.

Ratar da ba ta kai milimita 2 ba, farantin ƙarfe siriri ɗaya ya isa. Daga milimita 3 zuwa kusan 12, harsuna biyu. Idan ta wuce haka, kada ka tara harsuna kamar tsani. Yanka katako guda mai tauri, ko filawud mai kyau, kaurinsa ya gaza ratar da kaɗan, ka buga shi a kan bim, sannan ka cike ragowar da harsuna ko ƙarfe. Idan kuma jois da yawa a jere suna da babbar rata kusan iri ɗaya, ya fi a fere dogon katako ɗaya a shimfiɗa shi a saman bim gaba ɗaya. Amma duk ratar da ta kai inci 1, ni ba na yarda motsewa ce kaɗai, sai na koma na sake jan zare.

Wani abu da kafintoci da yawa ba sa lura da shi shi ne lokaci. Cikon da aka matse a watan Agusta, katako yana kumbure, zai saki a Janairu. Wanda aka sa a Fabrairu ko Maris, lokacin da katako ya kai ƙarshen bushewa, damina ƙara matse shi za ta yi. Idan aikin zai iya jira, a jira ƙarshen hunturu. Idan ba zai jira ba, a yi, amma a faɗa wa mai wurin cewa za a dawo a duba bayan sanyi.

Idan bim ne ya lotsa ko ginshiƙi ya nutse

A nan za a ɗaga bim ne ya koma wurinsa, sai ratar ta rufe da kanta. Idan ka cike ta da ciko, bim zai ci gaba da sauka, kuma ka ƙara masa nauyi daidai inda ya fi rauni.

Ana buƙatar jak ɗin mota mai mai, ko tokarin ƙarfe mai zare irin na masu zuba dekin, wanda ya fi aminci. Shimfiɗa katako mai kauri da faɗi a ƙasa don ya raba nauyi, in ba haka ba jak zai fasa simintin daɓe ya nutse. Ɗora jak, ɗora farantin ƙarfe mai kauri a kansa, domin kan jak ƙarami ne, zai huda gindin katako ya tsaga shi. A kan farantin sai ginshiƙin wucin gadi, aƙalla inci 4 da 4, miƙaƙƙe marar gaɓa, a tsaye cak. Duba tsayuwarsa ta fuska biyu. Ginshiƙin da ya karkata ko kaɗan yakan fizge ya fito da ƙarfi idan nauyi ya hau shi, kuma mutumin da ke durƙushe kusa da jak shi zai samu. Kada kowa ya tsaya a sama, kada yara su shigo.

Ɗagawa a hankali ake yi, kamar milimita 3 a rana. Bim ɗin da ya shekara uku yana lanƙwashewa ba zai miƙe a yini ɗaya ba. Idan ka tilasta masa zai tsage, ko ya fasa filastar bango, ko ya ɗage daga kan ginshiƙansa na gefe. Kowace rana idan ka ɗaga, kafa tokari na biyu kusa da jak ka matse shi da harsuna, nauyin ya koma kansa. Jak mai mai yana saki a hankali cikin dare, ba a barin gini a kansa. Ka saurara yayin da kake ɗagawa: ƙananan ƙara ba komai, amma idan ka ji ƙas mai ƙarfi, tsaya ka duba. Kuma ba dole ne sai bim ya miƙe sarai ba. Tsohon katako yakan riƙe wani ɓangare na lanƙwasarsa har abada. Idan ka dawo da mafi yawa, ragowar a cike da ciko.

Bayan ya hau, dole a ba shi abin da zai hana shi komawa. Mafi sauƙi kuma mafi ƙarfi shi ne sabon ginshiƙi a tsakiya, domin raba tsawon bim gida biyu yana rage lotsawa ninkin ba ninkin. Ginshiƙin ya zauna a kan tushen kankare na kansa, ba a kan siririn daɓe ba, kuma a raba ƙafarsa da kankaren da farantin ƙarfe ko takalmin ƙarfe saboda damshi da gara. Idan mai shago ba ya son ginshiƙi a tsakiyar shagonsa, sai a ƙara wa bim katako na biyu a gefensa, tsawonsa duka, ko a sa ƙarfe, a ɗaure da bol da noti. Girman wannan ƙarin injiniya ne ya kamata ya fitar, ba ido ba.

A nan zan faɗi abin da na faɗa wa mai atamfar nan. Daɓen gidan zama ana lissafa shi ne a kan kusan kilo 200 a kowace murabba'in mita, wato buhun siminti huɗu. Wurin ajiyar kaya marasa nauyi sosai kuwa ana lissafa masa sama da kilo 600. Yawancin benayen shaguna da ƙarfin gidan zama aka yi su, ko ƙasa da haka, sannan a jibge diloli ko buhuna har rufi. Na ce masa, "Alhaji, zan rufe ratar, amma idan kayan nan suka koma yadda suke, a tsakiya, badi ma za ka kira ni." Muka yarda masu nauyi su koma gefe-gefe, kusa da bango da kan ginshiƙai.

Idan jois a gefen bim yake, ba a kansa ba

Wani lokaci don a rage tsayi, akan kafa jois ya tokari gefen bim, a buga ƙusa ta cikin bim zuwa bakin jois. Ƙusar da ta shiga bakin katako a bin jijiya ba ta da riƙo sosai. Da sannu jois yake zamewa ƙasa ko ya ja baya, rata ta buɗe a tsaye. Ciko a wannan ratar bai da amfani, domin babu abin da ke ƙarƙashin jois ɗin.

Tokare jois, ɗaga shi har samansa ya yi daidai da na 'yan'uwansa, sannan ka ba shi mazauni. A ƙasashen da ake ginin katako ana sayar da marataya ta ƙarfe mai siffar sirdi, irin ta kamfanin Simpson Strong-Tie, jois ya zauna a ciki, kunnuwanta a buge a jikin bim. Masu yin ta sun ce kada tsakanin bakin jois da bim ya wuce milimita 3, kuma a cike kowane rami da ƙusar da aka tanada. Sukurun silin baƙaƙen nan ba su dace ba, gautsi gare su, karyewa suke yi farat ɗaya. Inda babu irin wannan marataya, mai walda zai iya yanka ƙarfen angul mai kauri a ɗaure shi da bol a jikin bim ya zama kujerar jois. Ko kuma a buga dogon katako, aƙalla inci 2 da 2, a ƙasan gefen bim, jois duka su zauna a kansa. Idan sai an yi wa bakin jois gurbi kafin ya hau, kada gurbin ya ci fiye da rubu'in zurfinsa, domin daga kusurwar gurbin tsagewa take farawa ta bi jijiya.

Ruɓaɓɓen baki da murɗaɗɗen jois

Jois ɗin da gara ko ruwa suka ci bakinsa, a yi masa ɗan'uwa. Tokare shi, sare ruɓaɓɓen wurin har ka kai katako mai lafiya, shafa magani, sannan ka kawo sabon busasshen katako mai girmansa ka jingina a gefensa. Mafi kyau ya kai daga mazauni zuwa mazauni. Kafin ka sa shi, ɗaga shi ka hango gefensa: kusan kowane katako yana da ɗan doro, doron ya kalli sama don nauyi ya miƙar da shi. Matse su tare, ka ɗaure da bol mai milimita 12 da washa babba a kowane gefe, tsakaninsu kamar santimita 40, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kada rami ya matso gefen katako fiye da inci 2. Sannan ka nemo inda ruwan ke fitowa, ko yoyon kwano ne ko damshin bango, ka nemo hanyar garar ka yi maganinta tun daga ƙasa. Inda katako ya shiga cikin bango, a bar masa sarari kamar rabin inci a gefe da baki don iska ta zaga, kada a liƙe shi da siminti.

Murɗaɗɗen jois kuma, yanka guntayen katako masu zurfinsa daidai tazarar da ke tsakaninsa da maƙwabtansa, ka matsa su a tsakani daidai kan bim, ka buga. Su za su tsayar da shi su hana shi ƙara kwanciya. Idan ya ƙi miƙewa duka, kada ka yi kokawa da shi, fere ciko daidai da karkatarsa ka sa.

Akwai abin da ya wuce kafinta shi kaɗai: bim ɗin da ya tsage a gicciye, bim ɗin da ke ɗauke da bango ko wani bene a samansa, bangon da ya tsage a ƙarƙashin mazaunin bim, ko gara da ta ci fiye da jois biyu ko uku. A irin wannan a tokare, a hana hawa, a kira injiniya.

Idan an gama, kafin a mayar da kaya, hau ka taka benen layi-layi a kan kowane jois, wani yana ƙasa da tocila yana kallon mahaɗar. Inda ya ga motsi, a ƙara matsewa kaɗan. Inda mahaɗa ta zauna amma kuka bai daina ba, falanki ne ya saki daga jois, a ɗaure shi da sukuru maimakon ƙusa. Sake jan zaren nan a jikin bim, ka rubuta awon da ranar a jikin katakon da fensir, a bar ƙusoshin zaren a wurinsu. Bayan an mayar da kaya da mako biyu a sake aunawa, sannan a ƙarshen hunturu mai zuwa a zo da guduma a ƙwanƙwasa kowane ciko a ji ko akwai wanda ya saki.